Wutar Ɗakin Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa daga gare mu duka. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kuma ciwon bayan da ka ce yana hana ka sunkuyawa ya yi sauƙi. Mu nan mun gode Allah. Ƙaramar ta yi mura ta warke, babban ya shiga sabon aji yana ta cika mana baki. Baban yara yana gaishe ka. Baba yana cin abinci, kumburin ƙafarsa ya sauka, maganin hawan jini kuwa yana sha idan na tsaya a kansa da kofin ruwa.

Direban da ke kai muku kaya can madatsar ruwa ya ce jibi zai koma. Tunda waya ba ta shiga a wannan dajin naku, ga ni na zauna rubutu ko wanke-wanke ban ƙarasa ba.

Maganar ɗakin rediyon Baba ce. Shekaranjiya da rana ina kicin na ji ƙauri. Na duba tukunya, ba ita ba ce. Na bi ƙaurin har ƙofar ɗakinsa, ina turawa hayaƙi ya tare ni. Ƙarfen nan da yake narka dalma da shi yana kwance a kan tsumma, a kunne, tsumman ya ci har ya kai ga katakon tebur. Shi kuma Baba yana tsakar gida a kujera yana gyangyaɗi abinsa. Na fizge wayar daga soket, na kwashi tsumman da murfin tukunya na jefa waje. Hannuna ya ɗan ƙone, ba wani abin damuwa ba ne.

Da na tashe shi na nuna masa, ya daɗe yana kallon baƙin tabon da ke kan teburin. Sai ya ce, "Ni zan bar ƙarfe a kunne? Tun ba a haife ki ba nake riƙe da shi." Daga nan ya ce wataƙila yaro ne ya shiga ya taɓa. Yaron yana makaranta a lokacin, Yaya. 

Ka san ɗakin, amma rabonka da shi an daɗe, ya ƙara cika. Rediyo uku a kan tebur, wani bisa wani. Taransifomar nan mai ƙugi tana ƙarƙashi, kusa da batiran mota guda biyu. Soket ɗaya ya ɗora wa kaya har ban san adadinsu ba. Bangon gabansa kuwa ba ka ganin fenti, duk katunan da abokan rediyo ke aiko masa ne tun yana aiki gidan waya, sun bushe ƙamas. Kwalayen tsofaffin kayan gyara sun cika bayan ƙofa, rabi kawai take buɗuwa, ga shi kujerarsa ta ba ƙofar baya.

Baban yara ya ce bango ɗaya ne tsakanin batiran nan da gadon 'ya'yansa, kuma shi ba zai zuba ido ba. Ko a yi wani abu, ko mu kwashe mu kama haya. In mun tashi, wa zai zauna da Baba?

Na san rediyon nan shi ne abin da ya rage masa tun rasuwar Inna. Da safe ya gaisa da wani can ƙarshen duniya ta cikinsa, da la'asar kuma shi da abokinsa Mai Tari, wanda bai taɓa gani ido da ido ba, su yi ta hirar eriya da ciwon gwiwa. Amma na gaji. Ko barci nake yi, hancina a farke yake. Ba zan iya ci gaba haka ba.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Na samu takardarki, na gode. Ina lafiya, bayan yana nan yadda yake, wata rana ya sake ni wata rana ya kama. Ki gaida Baba, ki gaida maigidanki da yara. Ki shafa wani abu a hannun nan, kada ki ce ba komai, na san ki.

Na karanta takardar a tsaye a bakin ɗakin janareta, na sake karantawa bayan na tashi aiki. Ƙarshenta ne ya tsaya mini a rai. Kin ce ba za ki iya ci gaba ba. Idan Baba ya zame miki kaya, ki fito fili ki faɗa, sai in san abin yi. Ba don daɗi nake zaune a nan ba. Kwana da yini a cikin ƙarar inji, kunnena har yanzu yana amsawa ina rubutun nan. Ban so in ji wannan magana daga bakinki ba, amma na ji.

Mu bar wannan. Na sami mai kula da harkar gobara a wurin aikinmu, na kwatanta masa ɗakin. Ya girgiza kai ya ce in gaya miki ki gode Allah da hancinki.

Abu na farko, a kira mai gyaran wuta ya zo ya yi yadda za a yanke wutar ɗakin gaba ɗaya daga bakin ƙofa. Wannan shi ne mafi muhimmanci, kada a jinkirta, kuma kada a tsaya jan magana da Baba a kansa.

Sauran kuma zan ba direba ya kawo muku. Akwai tulun kashe gobara, ja, mai baki kamar mazurari. Iska ce a ciki, ba ruwa ba. Mutumin ya ja mini kunne cewa kada a kuskura a watsa ruwa a kan kayan lantarki, ruwan zai ɗauko wutar ya kawo wa mai watsawa. Akwai kuma irin mai hoda, amma ya ce wannan zai kashe gobarar ya kashe rediyon tare, shi ya sa ban ɗauko shi ba. Akwai ƙararrawar hayaƙi da ake maƙalawa a silin, da wani bargo da ake rufe ƙaramar wuta da shi. Batiran nan a ɗaga su daga ƙarƙashin tebur. Kwalaye su fita. Katunan bango ma su sauka, takarda ce busasshiya a saman abin da ke zafi.

Game da mantuwa, kada ki ɗaga hankalinki. Kowa yana mantawa. Ni ma makon jiya na bar makullina a cikin aljihun rigar da na ba wanki. Baba ya fi mu duka ƙwaƙwalwa.

Na nemi hutu, sun ce sai an gama zuba kankaren ɓangaren da muke kai. Ana kirana, zan tsaya nan.

Yayanki

*

Yaya,

Muna gaishe ka. Yara lafiya, hannuna ya warke sai ɗan tabo. Baba jikinsa lafiya. Sauran kuma ga shi nan za ka karanta.

Da farko, ban ce Baba ya zame mini kaya ba. Ka koma ka duba. Ɗakin nake nufi, da fargabar da nake kwana da ita. Ni ce nake yanke masa farce, ni ce nake sanin ranar da ya ƙi cin abinci, ni ce nake bin sa asibiti mu yini a layi. Ban taɓa kawo maka ƙara ba sai yau da na ji ƙauri, shi ne ka mayar da ni mai neman yar da ubanta. Na yi kuka da na karanta, sannan na share hawaye na ɗora tukunya, don ba wanda zai ɗora mini.

Mun yi abin da ka ce. Baban yara ya karanta layin nan naka, ya ce to alhamdu lillahi, babban ɗa ya yanke hukunci. Washegari ya kawo mai gyaran wuta. Mutumin ya hau tsani a bakin ƙofar ɗakin, ya cire wayar da ke shiga ciki, ya naɗe bakinta da baƙin salatif. Ya kwance batiran ya fitar da su. Ko shayinsa bai huce ba ya gama.

Na so in ce a dakata, amma ka rubuta kada a tsaya jan magana. Baba ya fito ya tsaya yana kallo, hannunsa a baya. Ya tambaya wa ya ba da wannan umarni. Na miƙa masa takardarka. Ya sa tabarau, ya karanta, ya ninke ta yadda take, ya mayar mini. Abin da ya ce kawai shi ne, "Rubutun Dogo ne." Ya shiga ɗakin kwanansa.

Na zaci zai yi faɗa. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Kayan da ka aiko sun iso. Suna nan a jingine a falo cikin kwalinsu, ƙaramar ta mayar da kwalin kujera. Ban gane amfaninsu ba yanzu. Me za a kashe a ɗakin da ko ƙwan fitila ba ya kamawa? Baban yara ya ce a rataye tulun a kicin. Na ce a bari tukuna.

Gaskiya ita ce na yi barci a daren nan kamar an ɗauke mini dutse daga ƙirji, kuma na ji kunyar daɗin da na ji.

Auta

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Shiru ya yi yawa. Direbanku bai zo ba, na je garejinsu aka ce ruwa ya cinye hanyarku, motoci ba sa wucewa. Na bar wannan a wurinsu, duk ranar da aka samu hanya a kai maka. Ina fata dai lafiya kake. Yara suna lafiya. Baba ba shi da lafiya, amma ba ciwon da zan iya nuna wa likita ba ne.

Kullum da safe yana wanka, ya sa rigarsa mai aljihu, ya shiga ɗakin ya zauna a kujerar. Ba wuta, ba ƙara, ba komai. Ya sa abin kunnensa, ya ɗora hannu a kan maɓallin da yake murɗawa. Wani lokaci ya goge ƙura. Da la'asar, lokacin hirarsa da Mai Tari, sai ya duba agogo ya fito tsakar gida ya zauna yana kallon eriyar da ke kan rufi. Abinci sai ya taɓa ya ture. Wandonsa ya fara yi masa yawa.

Bai yi mini maganar ba ko sau ɗaya. Yana ce mini sannu da aiki kamar baƙo.

Mantuwar da ka ce kowa yana yi, ta ƙaru. Jiya ya tambaye ni ko Inna ta dawo daga kasuwa. Da ya ga fuskata sai ya yi dariya ya ce wasa yake yi. Ba wasa ba ne, Yaya. Ina ganin hirar nan da yake yi kullum ita ce ke riƙe masa ranaku a jere. Yanzu duk sun zube wuri ɗaya.

Ranar nan wani mutum mai furfura ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce shi ma ɗan rediyo ne daga wata unguwa. Wai Mai Tari ne ya yi ta cigiya ta rediyo, yana roƙon duk wanda ke kusa ya je ya duba ko Baba ya rasu. Na shigo da shi. Baba ya karɓe shi a falo, ya ce masa gyara ake yi a ɗakin, an kusa gamawa. Ya rufa mana asiri a gaban baƙo, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Baban yara ma jikinsa ya yi sanyi. Ya ce shi gobara ya ce ba ya so, bai ce a kashe tsoho a zaune ba. Amma ya ce ba zai mayar da waya ba sai da yawunka, tunda kai ka ce a yanke.

Ka rubuto. Ko layi ɗaya ne.

Auta

*

Auta,

Takardunki biyu sun iso tare, yau da hantsi, a motar farko da ta tsallako. Ina lafiya. Mun yi makonni a killace, abinci ya yi ƙaranci, amma ba wanda ya cutu. Ki gaida kowa.

Na karanta, na zauna a kan durom na ɗauki biro.

Ban ce a raba Baba da wuta ba. Makunni nake nufi. Babban makunni guda ɗaya a bakin ƙofa, daga waje, wanda in aka danna shi komai na ɗakin zai mutu lokaci ɗaya. In ya fito ya danna, in ya manta ke ki danna a wucewa, in kuma wani abu ya kama, a kashe daga waje ba sai an shiga cikin hayaƙi ana laluben soket ba. Irinsa ne a ƙofar ɗakin janaretanmu, kullum hannuna a kansa, shi ya sa na ɗauka kowa zai gane. Na rubuta a gaggauce a kan gwiwata. Yanzu da na maimaita layin a raina, na ga yadda kuka karanta shi. Da ni aka aiko wa, haka zan karanta.

Da na ce kada a ja magana da Baba, tsoron da nake yi shi ne zai ce shi zai haɗa makunnin da kansa.

A mayar da wayar ranar da wannan ta same ki. Mai gyaran wuta ya sa makunnin, ya ƙara soket a bango don a sauke wa wancan guda ɗayan kaya, ya duba fis. Ki karanta wa Baba wannan sakin layin da bakinki, ko ki ba shi ya karanta. Ki ce masa Dogo bai isa ya rufe masa ɗaki ba. A ɗakin nan na koyi riƙe sukundireba.

Maganar da na yi miki kuma, ki yafe. Na karanta takardarki ta farko da gajiya, na ga abin da babu shi a ciki. Wataƙila don ni ne nake jin na bar miki kayan, shi ya sa na ji kamar kin faɗa. Batun mantuwa ma na ji. Ke ce a wurin, ni ina nan ina ba ki labarin makulli. Ki kai shi wurin likita, ki faɗa masa duk abin da kika faɗa mini.

Hutun da na nema ya sake ja baya. Ruwan ya ɓata aikin da muka yi, sai an sake. Ba zan sa miki rana ba, don kada in sake saɓawa.

Yayanki

*

Yaya,

Mun gaishe ka, mun kuma yi maka barka da fitowa daga ruwa. Na yafe, kai ma ka yafe. Yara lafiya. Baba ya fara cinye abincinsa. Mun je wurin likita, ya yi masa tambayoyi, ya ba shi wasu kalmomi ya riƙe, ya ce mu dawo. Bai faɗi sunan abin ba tukuna, amma na ga yadda ya kalle ni.

An mayar da wuta. Na ba Baba takardarka, ya karanta, ya ce wanda ya koya maka rubutu ya cuce mu duka. Na ce masa ai shi ne ya koya maka. Wannan ne murmushinsa na farko tun da aka hau tsanin nan.

Aikin ya cinye mana ranar hutun Baban yara gaba ɗaya. Makunnin ja ne, yana waje daidai kafaɗa. An ƙara soket. Batiran suna kan faranti na ƙarfe kusa da taga. Kwalaye mun fitar, sai da muka yi ciniki a kan kowane ɗaya kamar muna raba gado, yanzu ƙofa tana buɗuwa har bango. Mun juya teburin yadda in ya zauna yana ganin ƙofa. Bargon yana rataye a gefensa.

Katunan ne suka ba mu wuya. Ya ce ba mai taɓa su sai shi. Ya hau cire su ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya faɗi mai shi da ƙasarsa da irin muryarsa. Mutumin da ya manta ko ya karya kumallo, bai yi kuskuren ko ɗaya ba. Na samo masa akwatin ƙarfe muka jera su. Bangon ya fito fari fat, da ramukan ƙusa, ɗakin kamar ba nasa ba.

Ƙararrawar hayaƙi kuwa ta zama abokiyar gabarsa. Ranar farko da ya ɗauki ƙarfen dalma ta tsala ihu, ƙaramar ta ruga ƙarƙashin gado, maƙwabta suka leƙo. Washegari na tarar da batirinta a aljihun rigarsa wajen wanki. Na mayar. Ya sake cirewa. Na zauna na ce masa, Baba, ko ita ko ni, ɗaya zai riƙa yi maka ihu, kuma ita ba ta gajiya. Ya bar ta. An sa ƙaramar fanka a taga tana jan hayaƙin dalmar waje.

Saura tulun. Baban yara ya kafa shi a bango a waje, kusa da makunni. Takardar da ke jikinsa ta ce kada a fesa a ƙaramin ɗaki mutum yana ciki, iskar tana hana numfashi, daga bakin ƙofa ake fesawa. Na ce mu gwada a tsakar gida don kowa ya iya. Na zare ƙusar, na matsa, ya yi wani huci da farin hayaƙi, yara suka yi tsalle. Sai Baba ya ce a ba shi.

Da ƙyar ya ɗaga shi daga ƙasa. Ya jingina shi da gwiwa, ya kama hannun ya matsa. Bai motsa ba. Ya sa hannu biyu, bakin ya kuɓuce yana lilo. Ya sake gwadawa har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Baban yara ya juya kamar yana duba wani abu a bango. Na kora yara ciki.

Ya ajiye tulun a hankali. Ya ce, "To in ta kama ina ciki, me zan yi?"

Na ce ya tashi ya fito, ya danna makunni, ya ja ƙofa, ya kira ni.

"In bar su su ƙone?"

Na ce e, Baba.

 Sai ya shiga ɗakin ya zauna a kujerar, ya tashi, ya fito, ya danna, ya ja ƙofa, ya kira sunana, alhali ina tsaye a gabansa. Ya ce mu sake. Muka yi ta yi har rana ta yi sanyi. Ya ce yana so ƙafarsa ta haddace, don kan ba abin dogara ba ne yanzu. Shi ya faɗa da bakinsa, ba ni ba.

Na gaji ƙwarai, Yaya, amma gajiyar aiki ce. Ya ce zai sa tasa takardar a cikin ambulan ɗin nan. Ban karanta ba.

Auta

*

Dogo,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kana kuma sa abin toshe kunne a wurin injinan nan. Na san ba ka sawa. Ni lafiyata ƙalau in ban da abin da ƙanwarka ta riga ta kai maka rahoto, don na san ba ta rage komai ba.

Na karɓi saƙonka, ya shigo sarai wannan karon. A aikinmu idan ka aika magana, kana jira na can ya maimaita maka ita kafin ka ce ta isa. Ka riƙe wannan. Ban riƙe ka a zuciya ba. Kwanakin da na yi a ɗaki babu wuta na yi fushi da kai, amma fushin bai hana ni ganin tabon da ke kan tebur ba. Kullum yana gabana. Ni na bar ƙarfen. Na kuma ɗora wa jikana laifin, na ba shi haƙuri, ya ce shi bai ma san an yi ba.

Kayan da ka aiko masu kyau ne. Makunnin an sa shi daidai, na duba haɗin da kaina bayan mutumin ya tafi, ban sami abin gyarawa ba, abin ya ɗan ba ni haushi. Ƙararrawar ba ta da ladabi. Tulun kuwa an yi shi ne don masu irin hannunka.

Na koma hira a rediyo. Da na kira, Mai Tari ya yi tarinsa ya fi na kullum tsawo, sannan ya ce ya riga ya yi mini addu'a, in mayar masa da ita. Mutane da yawa sun shigo gaisuwa. Ban san ana lura da ni haka ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya ina tsakiyar hira, lokacin faɗin lambar kirana ta rediyo ya yi, sai na neme ta na rasa. Lambar da na fi shekara arba'in ina faɗa safe da yamma. Na riƙe makirfo a buɗe, ba abin da ya zo. Mai Tari ne ya faɗe ta a madadina, kamar yana gyara murya, ya ci gaba da maganar eriya. Mutumin kirki ne. Ban gaya wa Auta ba, nata ya ishe ta.

Saboda haka na yanke wasu abubuwa tun ina iya yankewa. Ƙarfen dalma na ba mijin Auta ya ajiye a wurinsa. In akwai abin liƙi, zan nuna masa wurin, shi ya riƙe. Hannunsa na rawa kamar na mai satar nama, amma zai koya. Ba zan kunna komai ba sai akwai babba a gida. Ƙofa a buɗe take in ina ciki. Na rubuta lambar tawa da manyan baƙaƙe na liƙa a jikin rediyon, a kan ƙarfe, kada ka ce na mayar da takarda bango.

Ƙanwarka ta rame. Ba ta faɗa maka ba, ni na faɗa. Ka rubuta mata wani abu wanda ba umarni ba.

Ban ce ka bar aikinka ba. Amma in sun ba ka hutu, kada ka tsaya sayen tsaraba, ba abin da muke nema. Ka zo tun ina iya gane muryarka daga bakin ƙofa, ba sai ka faɗa mini ko wane ne ba.

Na gama, ina saurare.

Babanku